"Ni Ba Ɗan Siyasa Ba Ne": Alfaharin Da Ya Kamata Mu Sake Dubawa

Akwai wata majalisa da nake zama a unguwar Runjin Sambo, a nan birnin Sakkwato, wadda kusan duk mai zama cikinta ya yi karatun zamani mai zurfi: ko likita, ko malamin jami'a, ko ma'aikacin banki, ko injiniya. Bayan sallar isha'i ake shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi, a shiga warware matsalolin Nijeriya ɗaya bayan ɗaya, tun daga tsadar takin zamani har zuwa ta'asar 'yan bindiga a Isa da Sabon Birni. To amma na daɗe da lura cewa duk lokacin da muhawara ta yi zafi, akwai jimla guda da ake kashe ta da ita: "Ni fa ba ɗan siyasa ba ne, ba ni da jam'iyya." Mai faɗin haka yakan faɗa ne da irin muryar wanda ke shaida wa jama'a cewa bai taɓa cin haram ba, sauran kuma su gyaɗa kai. Ni ma na fi shekara ashirin ina faɗin wannan magana. Yau ina so in yi wa kaina da abokan zamana gyara, ko da za su hana ni shayi.

Ba zan yi musun dalilanmu ba, domin suna da ƙarfi. Wanda ya zauna a garin nan lokacin zaɓe ya ga maƙwabta sun daina gaisawa, ya ga an ƙaurace wa ɗaurin aure saboda uban amarya ɗan lema ne ko ɗan tsintsiya, ya ga samarin da muke kira Eriya Bois sun cika mota da gora da adda. Ya ji sojojin baka a rediyo suna cin mutuncin dattawan da suka haife su, yanzu kuma ga shi aikin ya koma Facebook, inda ba a bukatar ko kuɗin sayen fili. Babu kuma wanda ya manta da tarzomar da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011, wadda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa ta ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa. Mai hankali in ya ga wannan, ba laifi ba ne ya ja da baya.

Inda nake ganin mun yi kuskure shi ne wurin sanya wa cutar suna. Mun ce yawan jam'iyyanci ne ya raba mu. Ni kuwa da na zauna na bi tarihin siyasar jihar nan daga 1999, sai na rasa jam'iyyancin da ake magana.

Mai karatu ya bi ni a hankali. Alhaji Attahiru Dalhatu Bafarawa ya zama gwamna a 1999 ƙarƙashin APP, wadda ta rikiɗe ta zama ANPP, mataimakinsa kuma Alhaji Aliyu Magatakarda Wamakko. A 2006 suka raba gari, Wamakko ya ajiye muƙami, Bafarawa ya tafi DPP inda ya yi takarar shugaban ƙasa a 2007. Wamakko ya bar ANPP ya ci gwamna a PDP, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen a watan Afrilun 2008, kuma cikin abin da aka yi ta gardama a kai har da batun wace jam'iyya ce ta tsayar da shi. Aka sake zaɓe ya sake ci. A watan Nuwamban 2013 Wamakko ya shiga APC tare da wasu gwamnoni huɗu, sai Bafarawa, wanda ya riga shi zama cikinta, ya tattara ya koma PDP ɗin da Wamakko ya baro. Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya shiga Majalisar Wakilai a 2003 a ANPP, ya zama kakakinta a 2011 a PDP, ya koma APC a watan Oktoban 2014, ya ci gwamna a 2015, ya dawo PDP a watan Agustan 2018. Wanda ya gaje shi a 2023, Alhaji Ahmad Aliyu, mataimakinsa ne a zangon farko. Ke nan babu gwamna ko ɗaya cikin huɗun nan da bai taɓa shan inuwa ɗaya da wanda ya gada ko wanda ya gaje shi ba.

Ban kawo wannan don in ci zarafin kowa ba. Doka ba ta hana gwamna sauya sheƙa ba, kuma kowannensu yana da hujjar da ya bayar a lokacinsa. Abin da nake so a gani shi ne halin mabiya. Duk ranar da babba ya tashi, dubban mutane kan tashi da shi a dare ɗaya, a sauke tuta a ɗaga wata, a sake fentin ofis, mawaƙi ya canja amshi. Mutumin da ya daina gaida ɗan uwansa saboda PDP a 2012, shi ne ya daina gaida shi saboda APC a 2015, kuma da za a tsare shi a tambaye shi bambancin manufar jam'iyyun biyu kan ilimi ko noman rani, sai dai ya yi murmushi. Wannan biyayya ce ga gida da maigida. Gaba tana nan da zafinta, aƙida ce babu. Mu kuwa 'yan boko muka haɗa su biyun muka yi musu kuɗin goro, muka yi Allah wadai da su tare.

Na san ɗan jam'iyya na gaske, domin na tashi a gabansa. Wani tela ne abokin mahaifina, shagonsa na kusa da tsohuwar kasuwa, kuma ya rasu shekaru da dama da suka wuce. Ɗan NEPU ne tun yana saurayi, a garin da yake cibiyar NPC kuma mahaifar siyasar Sardauna, inda furta kalmar "Sawaba" a bainar jama'a ke iya jawo wa mutum fushin hakimi da sammacin alƙali. Da aka dawo siyasa a 1978 ya bi Malam Aminu Kano zuwa PRP, ya liƙa hoton mabuɗi a jikin kekensa na ɗinki, alhali kusan duk layin 'yan NPN ne. Bai taɓa zaɓen wanda ya ci ba a Sakkwato, ko sau ɗaya. Wata rana ina ɗalibi, ina ji da turancina, na tambaye shi: "Baba, me ya sa kake wahalar da kanka a kan jam'iyyar da ba ta cin ko kansila a nan?" Bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba ya ce: "Ɗana, na san ba mu cin zaɓe garin ga. Amma in ba mu tsaya ba, wa ka hwaɗa musu sun yi kuskure?"

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi shi ne, mahaifina ɗan NPN ne na a-mutu, kuma tare suke cin tuwon dare. Sukan yi musu har a ji su a waje, wannan ya ce "Aminci", wancan ya ce "Nasara", sannan su tashi su bi sahu ɗaya. Tsohon nan bai taɓa ɗaukar mahaifina maƙiyi ba, domin ya san cewa shi ɓangare ne na gari, ba shi ne garin ba, kuma ɗaya ɓangaren ba inda za shi. Wata malamar kimiyyar siyasa ta Jami'ar Harvard, Nancy Rosenblum, ta wallafa littafi guda a 2008 tana kare wannan hali, inda take ganin cewa ɗan jam'iyya ya fi mai kiran kansa ɗan ba-ruwana amfani ga dimokuraɗiyya, saboda ya yarda ya haɗa kai da mutanen da bai zaɓa ba, ya yarda a kayar da shi, ya kuma yarda ya sake dawowa. Telan tsohuwar kasuwa bai karanta ta ba, amma ya riga ta sani.

Kada kuma a ce wahalar irinsu ta tashi a banza. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ba ta taɓa kafa gwamnati ba. Amma abubuwan da ta yi ta nanatawa ana ɗaure 'ya'yanta a kai, ɗaya bayan ɗaya suka tabbata: an karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960; matan Arewa sun sami 'yancin jefa ƙuri'a a shekarun 1970; a 1979 gwamnonin PRP, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Talakan Gwadabawa da bai taɓa zaɓen NEPU ba ya ci moriyar taurin kan 'yan NEPU. Haka kuma, don adalci, mutanen NPC ba taron 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa ba ne kamar yadda wasu ke zana su. Suna da matsayi bayyananne: a tafi sannu, a riƙe sarauta, a cika aikin gwamnatin Arewa da 'yan Arewa kafin a yi gaggawar wani abu. Mutum na iya ƙin wannan matsayi, amma ya san abin da yake ƙi.

Ko a 1979, lokacin da ɗan jihar nan, Alhaji Shehu Shagari, ke takarar shugaban ƙasa, kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'un tsohuwar Jihar Sakkwato ya samu. Fiye da rubu'i sun tafi ga Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP, mutumin Borno, mai taken siyasa ba da gaba ba. Waɗannan mutane sun ƙi ɗan gida sun bi jam'iyyarsu, kuma gari bai tsage ba. Ba na cewa zamanin aljanna ne. A 1981 majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa bayan ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, PRP kanta ta dare gida biyu, santsi da taɓo. Jam'iyyanci na da haƙora, kuma yana cizo.

Sai dai mun gwada zama babu shi, kuma ya kamata mu tuna yadda ta kaya. Gwamnatin Janar Babangida ta yi zaɓen ƙananan hukumomi ba bisa jam'iyya ba a watan Disambar 1987, ta Janar Abacha ta maimaita a watan Maris na 1996. Ɗan takarar da ba shi da tuta dole ya nemi abin da zai tara jama'a da shi, kuma abin da ke kusa da hannu shi ne dangi, da unguwa, da ƙabila, da aƙidar addini, da aljihu. A tsakanin waɗannan shekaru ne, a watan Nuwamban 1988, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, birnin nan ya ga tarzomar da ya daɗe bai ga irinta ba kan naɗin Alhaji Ibrahim Dasuƙi, aka yi ƙone-ƙone, aka rasa rayuka. A ranar babu jam'iyya ko ɗaya mai rajista a Nijeriya. Rabuwar kai ba ta jira INEC ta ba ta lasisi. Da Abacha ya ga dama ya yi wa jam'iyyu biyar rajista, sai dukkansu suka tsayar da shi ɗan takara a 1998, har marigayi Bola Ige ya kamanta su da yatsu biyar na hannun kuturu. A wancan lokaci babu sojan baka, babu musu, kowa bakinsa ɗaya, kuma ban san mai hankalin da ke kewar zamanin ba.

Ba sai mun yi nisa ba ma. Daga nan zuwa Illela tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci ce, daga can ka tsallaka Birnin Ƙonni. A Jamhuriyar Nijar sojoji sun dakatar da harkokin jam'iyyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sannan a watan Maris na 2025 aka rushe su baki ɗaya. Mali ta yi haka a watan Mayun shekarar. Hujjar ita ce wadda muke bayarwa a majalisarmu ta Runjin Sambo, wato jam'iyyu na raba kan al'umma. Ita ce hujjar da Yoweri Museveni ya riƙe ya hana jam'iyyu motsi a Yuganda daga 1986 har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 2005. Na ji wasu abokaina na yaba wa matakin Nijar, suna cewa da ma a yi mana haka mu huta. Tambayar da nake yi musu ita ce ta tsohon tela: ranar da mai mulki ya yi kuskure, kuma zai yi, wa ke da ofis da tuta da mabiya da zai fito ya faɗa ba tare da an kira shi maci amanar ƙasa ba?

Su kansu Amurkawa da muke kafa misali da su ba su gama da wannan muhawara ba. Shugabansu na farko, Joj Washinton, ya yi musu kashedi da jam'iyyanci a jawabinsa na ban kwana a 1796, amma tun yana raye jam'iyyu suka kafu. A 1950 ƙungiyar malaman kimiyyar siyasa ta ƙasar ta fitar da rahoto tana kukan cewa manyan jam'iyyun biyu sun yi kama da juna da yawa, mai zaɓe ba ya ganin bambanci. Yau kuma kuka ya juya: sun yi nisa da juna har magoya bayan wanda ya faɗi suka afka wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka afka wa majalisar sun karya sharaɗi na farko na zama ɗan jam'iyya, wato yarda da cewa ana iya kayar da kai. Mutumin da ya ce ɓangarensa shi ne ƙasa duka, wanda ya saɓa masa kuma maƙiyi ne, ya fita daga jam'iyyanci ya shiga wani abu daban, ko a Washinton yake ko a Mabera.

Mu dawo gida. A watan Maris na 2019 aka yi zaɓen gwamna mafi tsauri a tarihin jihar nan. Zagayen farko bai kammalu ba, aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga wata, kuma da aka tattara, Tambuwal na da ƙuri'a 512,002, Ahmad Aliyu na da 511,660. Tazarar 342 ce, ba ta kai yawan mutanen da ke cika masallacin unguwa ranar Juma'a ba. Na tuna yadda gari ya yi tsit a kwanakin, masu shaguna na rufewa da wuri, kowa na jiran abin da zai faru. Abin da ya faru shi ne an tafi kotu, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen a watan Janairun 2020, wanda ya faɗi ya zauna a jam'iyyarsa, ya dawo bayan shekara huɗu ya ci. Da ba shi da jam'iyyar da za ta riƙe masa mabiya ta ba su begen gobe, ban san inda fushin mutum dubu ɗari biyar zai zuba ba. Kuma su wane ne suka kwana a rumfunan zaɓe da cibiyoyin tattara sakamako suna ƙirga kowace ƙuri'a, kowane ɓangare na sa wa ɗaya ido? Wakilan jam'iyyu ne: direbobi, da 'yan tireda, da malaman firamare, da matan unguwa. Mu masu digiri muna gida muna bin sakamako a waya, muna sharhi.

Nan ne maganar ta fi yi mini ciwo. Mutanen da suka kafa siyasar Arewa 'yan boko ne na zamaninsu. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato. Shagari malamin makaranta ne kafin ya tafi majalisar tarayya a 1954. Malam Aminu Kano yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru, cikin lardin Sakkwato, kafin ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi NEPU. Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne. Ba su ce siyasa ƙazanta ce su koma gefe ba, alhali a lokacinsu ana ɗaure mutum a kanta. Mu da muka gaje su a karatu mun bar musu gadon a ƙasa.

Tsarin mulkin 1999 kuwa bai bar wata ƙofa ba: sashe na 221 ya ce jam'iyya kaɗai ke da ikon nema wa ɗan takara ƙuri'a. Ma'ana, duk sunan da za ka gani a takardar zaɓe an riga an tace shi a cikin jam'iyya, watanni kafin ranar da za ka fito da katinka kana alfahari da 'yancinka. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kowace jam'iyya na da shugabanni a kowace mazaɓa, kuma a can ake yanke wanda zai riƙe kasafin asibitin da abokina likita ke kuka da shi kowane dare. Idan kujerun nan suka zama na wanda maigida ya nuna, saboda babu wani mai ra'ayin kansa da ya zo nema, to da wane baki za mu yi ƙorafin cewa fam ɗin takarar shugaban ƙasa ya kai naira miliyan 100 a APC da miliyan 40 a PDP a 2022, ko cewa daliget sun zama haja? A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito. 'Yan ba-ruwana su ne suka fi kowace jam'iyya yawa a ƙasar nan, kuma ba su taɓa gyara ko famfo ɗaya da wannan rinjaye nasu ba.

Na san amsar da za a ba ni a majalisa. Ma'aikacin gwamnati zai ce ƙa'idar aiki ta ɗaure shi, ko da yake Kotun Ƙoli, a shari'ar da su Balarabe Musa suka yi da INEC a 2002, ta soke tanadin dokar zaɓe da ya hana ma'aikaci zama ɗan jam'iyya. Na yarda tsoron sauyin wurin aiki gaskiya ne, kuma alƙali da jami'in zaɓe da ɗan sanda dole su tsaya a tsakiya. To lauya mai zaman kansa fa, da ɗan kasuwa, da mai asibitin kansa, da wanda ya yi ritaya? Wani zai ce in ya shiga za a haɗiye shi. Mai yiwuwa ne. Mutum ɗaya a taron mazaɓa ba ya hana komai, za a yi masa dariya, a kira shi Bature, a yanke shawara bayan ya tafi. Goma kuwa da ke zuwa kowane taro, suna biyan kuɗin ƙungiya daga aljihunsu, suna tambayar ina rahoton kuɗi, suna ƙin tashi ranar da maigida ya tashi, ba a yi musu dariya sau biyu. An ga misalin ƙin tashin a manya ma: Alhaji Mukhtari Shagari ya zauna a PDP yana mataimakin gwamna lokacin da gwamnansa ya tafi a 2013, Ahmad Aliyu ya zauna a APC lokacin da nasa ya tafi a 2018.

Ban faɗi jam'iyyar da zan shiga ba, kuma ba zan faɗa a wannan shafi ba, domin ba tallarta na zo yi ba, kuma ina fata abokina likita ya shiga kishiyarta mu riƙa musu da hujja a kan tabarma ɗaya. Makon jiya dai na tambayi inda ofishin mazaɓarmu yake. Wani shago ne mai ƙofa ɗaya a bayan gidan mai, na fi shekara goma ina wucewa ta gabansa da mota. Na tarar da sakataren yana cin rake a kan benci. Da na ce rajista na zo yi, sai ya dube ni tun daga takalmi har hula, ya tambaye ni kujerar da nake nema. Na ce babu. Ya ce to wa ya aiko ni. Na ce ba kowa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya shiga ciki neman littafin, ya ce in dawo ranar Asabar domin mai riƙe da mabuɗin akwatin ya tafi Bodinga.